An Sauka Lafiya

Turmin Kaka ya tsage a daminar bana. Ba wanda ya yar da shi, ba wanda ya bar shi a rana. Na fito alwala ne da safe na ga tsaga ta taso daga bakinsa ta gangara har kusa da gindi, yatsa ma zai shiga. Ɗana ya sunkuya ya duba ya ce, "Mma, wannan kam ya gama aikinsa, sai dai a yi itacen wuta." Na koma ɗaki na zauna, na tashi, na leƙa ta taga, na sake zama. Tun ranar ban sami sukuni ba. Gwiwoyi sun riga sun hana ni kasuwa, yanzu kuma ga tunani ya hana ni zama, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani game da turmin nan, ko na huta.

Wanda ya san unguwarmu Zongo ta yanzu kaɗai ba zai yarda cewa an taɓa jin turmi daga wani lungu zuwa wani ba. Yau tun kafin a sallame asuba 'yan zemijan, wato masu acaɓa, sun fara tayar da baburansu, tireloli na nishi a kan babbar hanya za su Nijar da Burkina, injin niƙa na kuka, mai walda na nasa, kowane masallaci da lasifikarsa, kowane shago da rediyonsa. In kana son ka ce wa maƙwabcinka sannu, sai ka kira shi a waya, ko da katanga ɗaya ce tsakaninku. Tsohuwar Zongon da na tashi a cikinta tana can tsakiyar gari, tafki a bayanmu, teku a gabanmu. Da sassafe in iska ta juyo ana jin teku yana dukan yashi, ana jin matan ƙabilar Mina da kifi a ka suna kiran masu saye, sai kuma turame. Gidanmu masauki ne na fataken shanu da na goro, kullum da baƙi, don haka daka ba ya yankewa. Mu 'yan mata mu je famfo mu ɗebo ruwa, mu jiƙa masara, mu yi surfe, mu yi bakace, mu tankaɗe, hannu ya yi kanta har ba ya jin zafin tukunya. A lokacin ina ganin azaba ce, kuma ba zan yi ƙarya ba, azabar ce. Na sha ɓuya a bayan randa don kada a ba ni taɓarya.

Kowane turmi da muryarsa. Namu na kirya ne, wani masassaƙi Bazabarme ya sassaƙa wa Kaka tun tana amarya, muryarsa ƙasa-ƙasa, kana jin ta a ƙirji kafin kunne. Na gidan liman siriri ne, yana da tsiwa irin ta matar gidan. Na gidan mai goro kuwa ya taɓa tsagewa aka ɗaure shi da ƙarfen ganga, in an buga sai ya yi wata ƙara kamar tsoho mai tari. 'Yar gidan ƙawata ce, tare muke zuwa famfo, kullum ina tsokanarta da cewa su kai turminsu asibiti. Ita kuma ta ce namu ya cika jin kai kamar masu shi. Daga ƙarar daka muna sanin gidan da ya yi baƙi, da gidan da yau sai gari da ruwa, da matar da ta kwana da fushi. Kaka takan tsaya da tankaɗe ta karkata kunne ta ce, "Yau wance mijinta take dakawa, ba masara ba."

Akwai abu ɗaya da ba a yi, wato buga turmi babu komai a cikinsa. Yarinyar da ta gwada za ta sha rankwashi. Lokaci ɗaya kawai aka yarda a yi haka, shi ne in mace ta haihu. Da an yanke cibiya, kafin a aiki kowa ko'ina, babbar mace ta gidan za ta fito ta ɗauki taɓarya, ta buga a cikin turmi, ta sake bugawa, sannan ta ƙwanƙwasa bakinsa. Kunnenmu yana jin abin da yake faɗi sarai, an sauka, an sauka lafiya. Duk gidan da ya ji sai a ajiye abin da ake yi a amsa da nasu turmin, gajere-gajere, barka, barka. Kafin ruwan wanka ya tafasa mata sun fara shigowa, wannan da itace a ka, wannan da kanwa, wannan da citta da kimba a ƙulle a bakin zane. Mazan gidan suna cewa su dai ƙara kawai suke ji. Ban ce ko'ina ake wannan ba. Daga baya na tambayi direbobi 'yan Kano da 'yan Maraɗi, suka ce ba su taɓa ji ba. Wataƙila matan lungunmu ne suka ƙirƙiro abinsu, tun da kowacce an kawo ta ne daga nesa, ba uwa kusa, ba inna.

Ina budurwa, an fara maganar aurena, hukuma ta ce tana bukatar filin da muke kai, aka ba mu wani can bayan gari ta arewa. Abin da ake kira Zongo yanzu ke nan, amma ranar da manyan motoci suka juye mu a wurin, ba komai sai ciyawa da ta fi ni tsawo, da turaku da aka kakkafa, da sauro mai cizo da rana tsaka. Kuma ba a sauke mu yadda muke zaune a da ba. Maƙwabcin jiya an kai shi can, na can an kawo shi nan, ba wanda ya san inda wani ya faɗa. Maza suna ta fama da kwano da ƙusa. Innata ta zauna a kan ƙunshin kaya tana kuka a hankali, ƙannena sun yi jugum, ba wanda ya hura wuta, ba ma wanda ya san inda za a samo itacen. Rana ta yi la'asar muna nan haka. Sai Kaka ta ce da ni, "Mirgino min turmin nan." Na mirgino shi, ta sa na tattake ciyawa na tsayar da shi. Ta ɗaure zane a ƙugu, ta ɗauki taɓarya, ta fara bugawa babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. Na ce, "Kaka, wa ya haihu?" Ta ce, "Rufe min baki ki buɗe kunne."

Ta buga ta tsaya, ba a ji komai ba sai iska a cikin ciyawa. Ta sake bugawa. Can daga nesa ta wajen yamma sai ga tarin nan na gidan mai goro. Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Bayansa na gidan liman ya ɗauka ta gabas, sai wani, sai wani, daji ya cika da barka. Ba a jima ba ciyawa ta fara motsi, mata suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, ƙaiƙayi a ƙafa, itace a ka, wasu sun ciro shi ne daga guntayen ƙyauren tsohon gida da suka taho da su. Kowacce ta shigo sai ta bi cikin matan gidanmu da kallo. Matar mai goro ta dubi Innata, ta dubi matar kawuna, sannan ta tsayar da ido a kaina, ni da ko lalle ba a sa min ba. Ƙawata tana bayanta tana toshe baki. Matar ta ce, "To ina mai jegon?" Kaka ta jingine taɓarya ta ce, "Ba wadda ta haihu. An sauka lafiya na ce. Ƙarya na yi? Ba ga mu mun sauka ba? So nake in san inda aka zubar da ku." Ranar Kaka ta sha zagi irin na tsara, matar liman har da rantsuwa ba za ta sake amsa mata ba. Amma da itacen nan aka hura wutar farko, da kanwar nan aka dama kunu, babba da yaro, mace da namiji, kowa ya sha kunun jego ba jariri. Innata ta yi dariya har ta ƙware. Hanyoyin da matan nan suka tattake a ciyawa su aka ci gaba da bi, lungun da ke bayan gidanmu yau sawun matar mai goro ne.

Daga nan abubuwa suka yi ta tafiya yadda suke tafiya. Injin niƙa ya zo, muka yi murna, ni ce ma kan gaba. Haihuwa ta koma asibiti, albishir ya koma waya. Kaka ta rasu, Innata ta bi ta. Ni kuma na kafa murhu a inda tireloli ke kwana, ina sayar wa direbobi tuwo da waina, na yi shekaru ban ga hantsi a tsakar gidana ba. Bakina ya saba da faɗa da mazan da ke cewa miya ta yi kaɗan. Turmin aka kife shi a jikin katanga ana ɗora bahon wanki a kai. Ƙawata tana nan lunguna kaɗan daga gare ni, ta yi jikoki, na yi nawa, amma sai a gidan biki ko gidan rasuwa muke haɗuwa, mu ce sai mun zo, ba mai zuwa.

Sai korona ta zo. Aka rufe masallatai da makarantu, aka rufe iyaka, aka sa dokar hana fita da dare wadda yara ke kira kubrefe, aka hana taro, 'yan zemijan ma aka taka musu birki. Aka ce kowa ya ɗaure hanci da wani ƙyalle mai suna kashe-ne. Na ce abin da da bakinsa ya gaya muku kashe ne, shi za ku ɗaura min a fuska? Ɗana, autana da nake zaune tare da shi, bai yi dariya ba. Aikinsa fitar da kayan mutane daga tashar jirgin ruwa, kuma kaya ba su daina zuwa ba, don haka shi yana fita kullum. Ni ce ya ce ba zan fita ba, wai ina da sukari, wai shekaruna. Na ce direbobi fa, wa zai ba su tuwo? Ya ce, "Mma, se pa posibil, ba zai yiwu ba. Su ci burodi." Ya ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, in zai fita ya ja ƙyauren ƙarfe ya rufe. Na zama kamar kazar da aka kife da kwando. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Na wanke tukwanen da ba a dafa komai a cikinsu ba. Na ƙirga hawa da saukar ƙadangaru a katanga har na fara gane su ɗaya-ɗaya. In na ji motsi a waje sai in manna ido a ramin makulli kamar ɓarauniya a gidana.

Amma a cikin wannan zaman ne kunnena ya dawo. Wata safiya ina zaune ina jin haushin kowa, sai na ji kurciya. Na ɗauka a waya ce. Da aka yi ruwan farko na ji kwaɗi daga fadamar da ke bayan unguwa, rabona da su tun ina goyon fari. Na ji ladan yana kiran salla yana cewa kowa ya yi a gidansa, na ji inda muryarsa ta karye. Na ji maƙwabciyata, wata 'yar ƙabilar Mina da muke kira Davi, tana kirɓa fufu, na gane ashe hannun hagu take amfani da shi. Shekara da shekaru katanga ɗaya ce tsakaninmu ban sani ba. Abin ya yi min daɗi, ya kuma ƙara min rashin sukuni, don duk abin da na ji sai ya tuna min da wanda ba ya nan.

Ba ni kaɗai aka rufe a gidan ba. Akwai matar ɗana, yarinya 'yar Zongon Kumasi, da tsohon ciki, kuma na fari. A al'ada gidansu za ta je ta haihu a gaban uwarta, ta yi wanka a can. An gama shiri, an ɗinka kayan jariri, akwati na bakin ƙofa, aka rufe iyakar Aflawo da ake bi a je Kumasi. Ta yi ta sauraron rediyo ko za a buɗe, ba a buɗe ba. Tsakanina da ita kuwa sai gaisuwa. Ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ina kwana," in ce lafiya lau, ta tashi ta shige. Ba ƙinta nake ba, Allah ya sani. Kunya ce irin ta suruka, ga shi ni ban iya magana mai laushi ba, duk ta ƙare a wurin direbobi. Muka yi ta kewaya juna a tsakar gida ɗaya, in ta fito in shiga, in na fito ta shiga.

Ta haihu a wani asibiti a unguwar Tokoin, mace. Ko mijinta a bakin ƙofa ya tsaya, ni kuwa ina gida ina zagaye bahon wanki. Suka dawo da ita a mota, aka shigar da ita ɗaki, aka ja ƙyaure. Shi ke nan. Ba guɗa, ba sallama, ba takalma a ƙofar ɗaki. Waya dai tana ta ƙara, ana turo hotunan furanni. Ɗana saboda yana cuɗanya da mutane a tasha ya koma kwana a ɗakin baƙi, daga bakin ƙofa yake leƙen 'yarsa da ƙyalle a hanci. Na dafa ruwa da ganyen darbejiya na yi mata wanka safe da yamma, na dama kunun kanwa, na gasa nama. Ta bari in yi mata wankan kamar ana wanke itace. Kunun kuwa yadda na ajiye haka nake ɗauka, ya yi sanyi ya kama fata a sama. Ta juya fuska ga bango. In uwarta ta kira sai su yi ta kuka su biyu, har ta daina ɗauka.

Nono kuma ya ƙi zuwa. Jaririya ta kama ta tsotsa ta saki, ta yi kuka, tun tana yi da ƙarfi har ya koma siriri kamar na ɗan kyanwa. Ɗana ya sayo madarar gwangwani a famasi, aka ba ta, ta dawo da ita. Ya kira ungozomar asibiti, ta ce a ci gaba da sa ta a nono, uwar ta ci abinci, ta kwantar da hankali, in ba a ga canji ba a dawo da su a kwantar. Da yarinyar ta ji an ambaci komawa asibiti ita kaɗai, sai ta ƙara dunƙulewa. Ni ina taɓa maɗigar jaririyar ina jin ta fara faɗawa. Tsoro ya kama ni sosai. Na rufe 'ya'ya biyu da hannuna a rayuwata, na san wannan siririn kukan.

Washegari da hantsi, bayan ɗana ya fita, na kai mata kunu na tsaya a kanta. Na so in lallashe ta, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke, so kike ki kashe min jika?" Ban ƙarasa ba na ji kunyar kaina. Ba ta juyo ba. Da Hausarsu ta Kumasi wadda ba ta raba mace da namiji ta ce, "Hajiya, ko akuya in ya haifu, mutane na zuwa su duba shi. Ni ba wanda ya zo. Kamar ban haifu ba." Na tsaya da kwano a hannu. In ce doka ce? Ta san doka ce. Na ajiye kwanon na fita.

Na zagaya tsakar gida ban san sau nawa ba. Na je bakin ƙyaure na dawo. Da a ce zan iya, da na bi gida-gida na jawo mata da wuyan riga, amma in na jawo su na jawo wa jaririyar abin da ake gudu. Ina cikin haka idona ya faɗa kan bahon wanki. Na sauke shi, na ture turmin, gizo-gizo da kyankyasai suka watse. Da ƙyar na tsayar da shi, baya na ƙara. Taɓaryar na same ta a bayan kicin an tokare ƙofa da ita. Na ɗaure zane a ƙugu. A raina ina cewa tsohuwar banza, waɗanda suka san wannan duk suna maƙabarta, sauran kuma sun kurumce. Na ɗaga na buga. Muryar tana nan yadda na san ta, ƙasa-ƙasa, har cikin ƙirji. An sauka, an sauka lafiya. Na tsaya. Kurciya ce kawai ke kuka. Na sake yi, kafaɗa ta fara zafi. Na sake, numfashi ya fara gagarata, na jingina da taɓaryar ina haki, ina jin haushin kaina da na duniya.

Sai na ji tari, can ta wajen yamma. Na ɗauka kunnena ne ke yi min gizo, don na yi zaton an daɗe da hura wuta da wannan turmin. Ya sake yi, barka, barka, a hankali, da hutu a tsakani, irin bugun wadda ita ma kafaɗarta ba ta da lafiya. Na ce a fili, "Ja'ira, ashe kina nan." Hawaye suka zubo min. Na ɗaga na amsa mata. Daga nan wani ya ɗauka ta kudu, ban san na wane gida ba ne, wataƙila wata ce da ta taɓa ji a wurin kakarta. Davi ta leƙo ta kan katanga ta tambaye ni da Hausarta ta kasuwa, "Hajiya, lafiya? Mene ne?" Na ce an haihu ne, gaisuwa ake yi. Ta ce, "Yoo," ta sauka. Sai ga turmin fufu ya shigo, bai san kalmomin ba, yana dai bin sahu. Wasu da ba su da turmi suka kama bugun baho da murfin tukunya, na tabbata rabinsu zaman gida ne ya ishe su kamar ni, sun sami abin yi.

Ban ji fitowarta ba. Juyawa na yi na gan ta a bakin ƙofa ta dafa bango, ɗankwali a karkace, jaririya a kafaɗa. Ta ce, "Hajiya, me ya faru?" Na ce, "Barka ake yi miki. Wancan mai tarin ƙawata ce, tun muna 'yan mata. Wancan Davi ce. Sauran ni ma ban san su ba." Ta ce, "Ni?" Na ce, "To wa ya haihu a gidan nan, ni?" Ta tako a hankali har tsakiyar gida, ta tsaya tana juya kai duk inda ƙara ta fito. Sai wani abu ya faɗo ta kan katangar baya, ƙullin leda, citta ce da kanumfari. Wani ya biyo baya, kanwa. Davi ta miƙo itace guda biyu da sanda. Surukata ta dubi ƙullin a ƙasa. Ta ce, "Mma, in an yi ma mutum barka, yaya yake amsawa?" Ba ta taɓa kirana da wannan sunan ba. Na yi kamar ban lura ba. Na ce, "Mai jego ba ta daka. Kawo jaririyar nan. Ki ƙwanƙwasa bakin kawai, kada ki ɗaga." Na karɓi jaririyar, na riƙe hannunta a kan taɓarya na nuna mata. Ta ƙwanƙwasa, ta kuskure, ta sake, tarin nan ya amsa mata daga yamma. Ta yi dariya da kuka a haɗe, ta ci gaba. Ni na fara ganin gaban rigarta ya jiƙe, ita ba ta ma sani ba. Na ce, "Ajiye sandar nan ki zauna, ga mai abinci tana jira." Ta zauna a kan tabarma a nan tsakar gida ta sa ta a nono, muna jin yarinya tana haɗiya. Da ɗaya hannun ta jawo kwanon kunun da na sake ɗumamawa ta shanye, ta ce ko akwai saura.

Da ɗana ya gaya wa ungozoma, ta ce dama lokacin zuwansa ne ya yi. Ban yi musu ba, ita ta yi karatun. Aka yi suna ba taro, aka raba nama a leda ta kan katanga. Amma daga ranar har aka buɗe gari, kullum da hantsi sai na buga sau ɗaya, ƙawata ta yi min tari, kowaccenmu ta san 'yar'uwarta ta tashi. Ni da surukata muka koma cin abinci a kwano ɗaya, abin da ya sa ɗana ya tsaya yana kallonmu kamar ya shigo gidan wasu. Da aka buɗe gari babura suka dawo, injin ya dawo, na buga ban ji komai ba, na sake kife turmin. Na ce zan riƙa zuwa da ƙafata, na je sau ɗaya ko biyu. Bara ƙawata ta rasu, a waya aka gaya min. Da na je gaisuwa na duba tsakar gidan ban ga turmin ba, ban kuma iya tambaya ba.

Shekaranjiya na fito ban ga namu a jikin katanga ba. Na ce shi ke nan, yaron nan ya aikata. Na shiga kicin ina duba toka. Ina shirin tara masa unguwa sai ga surukata ta shigo, mai kura na biye da ita ya turo turmin, jikata na tsalle a gaba da kayan makaranta. Ashe wurin mai walda ta kai shi, ya ɗaure shi da ƙarfe sama da ƙasa. Ta ce, "Mma, ya ce zai riƙe, amma muryan ba zai dawo kamar da ba." Aka sauke shi a tsakar gida. Jikata ta jawo taɓarya da hannu biyu, ta fi ta tsawo. Na buɗe baki in ce ba a buga turmi ba komai a ciki, ta riga ta sake ta.

Turmin ya yi tari. Yarinyar ta ce, "Kaka, ba shi da lafiya, a kai shi asibiti." Na zauna a bakin baho, na ce ta sake bugawa.